Yadda Nata'ala Ya Ciyar da Gwaggo Irin na Paris

A dogon benen da muke haya a Cheras babu Bahaushen da bai san Nata'ala ba, kuma yawancinsu ba da son ransu suka san shi ba. Ni ƙofata tana kallon tasa, saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi. Sunana Bintu. Karatu ya kawo mijina Malesiya, ni kuma zaman jiransa ya kawo ni.

Nata'ala ejan ne. Kafin annoba shi yake nema wa sababbin ɗalibai ɗaki, ya ɗauko su daga filin jirgi, ya aika musu kaya gida. Amma sana'ar da ba ya hutu a cikinta ita ce cika baki a kan abinci. Ka ba shi shayi, zai kurɓa ya girgiza kai ya ce a Landan ba haka ake haɗa shi ba. Wai ya ci abinci a ƙololuwar hasumiya a Paris, ya ci a ƙarƙashin ruwa a Dubai kifaye suna leƙensa, ya ci ɗanyen kifi a Tokyo a hannun wani tsoho da ake wata da watanni ana bin layinsa. Mu dai abin da muka sani, daga Kano ya taso, ya kwana a kan benci a filin jirgin Addis Ababa, ya sauka Kuala Lumpur. Sauran ƙasashen a waya ya zaga su, yana kwance a kan doguwar kujera.

Da korona ta zo aka rufe iyakoki, ɗalibai suka daina zuwa, ejanci ya kwanta. Abin da ya riƙe gidan shi ne hannun matarsa Hasanatu, Maman Fa'iz. Ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka, ta soya masa, ta zuba a robobi, gwaurayen ɗalibai su aiko a ɗaukar musu tapau, wato abincin saye da ake tafiya da shi gida. Cinikin kuwa yau akwai gobe babu, kuma na sha ganinta ta zauna tana kallon buhun shinkafa yana ramewa.

Ana cikin haka dama ta leƙo. Dakta Sharfaddeen, malamin jami'a kuma babbanmu 'yan Arewa a nan, matarsa ta kusa haihuwa. Tunda an hana taro, abincin suna a robobi za a raba shi gida-gida. Duk wadda ta samu aikin nan, girkinta zai shiga kowane gidan ɗan Najeriya a garin, ta huta da neman masu saye. Mata biyu ake magana a kansu: Hasanatu, da wata Barira da ke unguwar Kampung Baru. Mai yanke hukunci kuma ita ce Gwaggo Ɗelu, gwaggon matar Dakta, wadda ta taso daga Gwarzo don wankan jegon ɗan fari, hanya ta rufe, ga shi har tana jiran na biyu. Gwaggo ta ce ita ba ta zaɓen mai girki da labari, sai ta ci.

Dabarar Hasanatu mai sauƙi ce: ta cika kula da tuwo da miya ta aika. Ina falonsu ina taya ta tsince zogale lokacin da ta faɗa, Nata'ala ya tashi zaune kamar an tsikare shi.

"Kula? Ki zuba tuwo a kula ki aika wa Dakta, kamar mai kai abinci asibiti?"

"To Baban Fa'iz, da me ake kai tuwo?"

"Ba kai shi ake yi ba, zuwa ake yi a same shi. Fine dining, cin abinci irin na manya. Ke dai ki dafa, ni zan gabatar. Barira ta taɓa ganin yadda ake jera cokula a Paris?"

"Tsohuwa ce fa. So take ta ci ta ƙoshi ta sa albarka."

"Ƙoshi na talaka ne. Manya ɗanɗano suke zuwa nema."

Na ce, "Malam Nata'ala, Gwaggo ba babba ba ce irin ta Paris, babba ce irin ta Gwarzo."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Maman yara, wanda bai fita ba bai gani ba." Alhali ni da shi jirgi ɗaya ya kawo mu ƙasar nan.

Ashe ma gardamar banza muke yi. Tun da safe ya riga ya kira Dakta ya gayyace su ranar Asabar bayan azahar, lokacin an ɗan sassauta doka ana barin baƙo ɗaya ko biyu su shiga gida. Ya kuma ja musu kunne kada su karya, kada su sha ko kunu, don harshe ya zo a tsaftace. Hasanatu ta dube ni na dube ta. Mace ce mai gudun fitina, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Kafin Asabar ya kwashe min manyan farantai, da kwanon gilashi, da kaskon turaren wuta. Ya ciro leshin da Hasanatu ta adana don Sallah ya shimfiɗa a kan tebur. Ya manna jan salatif a ƙasa don ba da tazara. Ya naɗe baƙin takunkumi ya ƙulla a wuya a matsayin ɗan ƙaramin nektai irin na masu hidima. Fa'iz aka tura shi gidana wajen mijina da yarana, wai manyan gidajen abinci ba sa karɓar yara. Ni kuma aka ce in zo in zauna don wuri ya yi kama da ana rububinsa.

Dakta ya iso cikin farar shadda, Gwaggo tana biye tana dafa bango. Nata'ala ya tare ƙofa da bindigar auna zafin jiki da ya saya a kasuwar bakin titi. Ya ɗora wa Dakta a goshi, ta yi kore. Ya ɗora wa Gwaggo, ta yi ja tana kuka.

"Gwaggo, sai dai ki ɗan dakata a waje. Doka ce, ko a Dubai haka ake."

"Ni ce da zazzaɓi? Yunwa dai, ɗan nan. Tun jiya da isha rabona da abinci."

Dakta ya karɓi bindigar ya ɗora wa bango. Bangon ma zazzaɓi gare shi, har ya fi na Gwaggo. Nata'ala ya ce ai bangon rana ya sha, ya matsa suka shiga.

Ciki duhu ne ɗumɗum. Ya rufe labule duka da rana tsaka, ya kunna kyandir. Gwaggo ta tsaya tana lalube.

"Ikon Allah. A nan ma ana ɗauke wuta?"

"Yanayi ne, Gwaggo. Ido ya huta, harshe ya yi aiki."

Ya zaunar da ita a can ƙarshen tebur wajen taga, Dakta a wannan ƙarshen, ni kuma a wata kujera kusa da ƙofar banɗaki. In za a gaisa sai an ɗaga murya. Gaban kowa cokula da wuƙaƙe a jere, sai ka ce za a yi wa mutum aiki.

Nan da nan ya fito da faranti na farko a tafin hannu, ɗaya hannun a baya. Faranti ne da zai ɗauki kaza guda, a tsakiyarsa kuma ɓarin masa ne, kashi ɗaya cikin huɗu, da ɗigon miyar taushe a gefe. Bai bari an taɓa ba sai da ya yi jawabi. Ya faɗi asalin shinkafar, da yadda ƙullun ya kwana, da irin tunanin da ya kamata mutum ya yi yana tauna. Gwaggo ta ɗauki cokali mai yatsu ta jujjuya shi, ta ga ba hanya, ta ajiye, ta juya tana neman ruwan wanke hannu. Kafin ta juyo faranti ya tafi.

"Ina masata?"

"Kin ajiye cokali, Gwaggo. A Landan in mutum ya ajiye cokali ya gama ke nan."

"To mu a Gwarzo in mutum ya ajiye cokali yanzu zai fara."

Dakta ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Nata'ala, ko za a dawo mata da shi?"

"Doctor, ai ba a komawa baya. Sai gaba."

Gaban shi ne tuwo. Ni na ga tukunyar da Hasanatu ta tuƙa, tuwo ne da zai ciyar da sahu guda na masallaci. Abin da ya iso tebur kuwa bai fi goro ba. An ja miyar kuka da bayan cokali ta yi layi a gefensa, an soka masa wani jan fure da na san daga shukar bakin get aka tsinko shi. Wannan karon Gwaggo ta riƙe bakin farantin da hannun hagu tun kafin ya sauka, ta lanƙwame tuwon da dama, ta zauna tana jira.

"Wannan na ɗanɗana gishiri ne ko? To ya ji. A kawo."

"An wuce babin tuwo, Gwaggo."

"An wuce? Yaushe aka shiga?"

Ƙamshin man shanu da daddawa yana ta fitowa daga kicin yana dukan hancin mutane. Cikin Dakta ya yi wani ƙugi da na ji daga ƙofar banɗaki, shi kuwa don kunya sai cewa yake masha Allah. Can ƙofar kicin ta buɗe, Hasanatu ta leƙo da malmala biyu a kwano da miya tana tururi. Idon Gwaggo ya yi haske. Nata'ala ya yi tsalle ɗaya ya tare.

"Koma. Chef ba ya fitowa sai an gama, a tafa masa."

"Baban Fa'iz, don Allah ka bari su ci."

"Za ki ɓata min tsari. Koma, na ce."

Ya tura ta ciki ya ja ƙofa. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in tashi in kifa masa faranti a ka, amma gidan mutum gidansa ne, kuma ina tsoron kada in ƙara ɓata wa Hasanatu lamari.

Faranti na uku a rufe ya zo da kwanon gilashina, cikinsa fari fat da hayaƙi. Ya ce a Tokyo haka ake yi, a kulle nama da hayaƙi a buɗe a gaban baƙo. Abin da bai tambaya ba shi ne hayaƙin mene ne suke sawa. Shi dai ya ga kaskona da ragowar turaren wutata na Maiduguri, ya ce hayaƙi hayaƙi ne. Ya ɗage kwanon daidai fuskar Gwaggo. Ƙarƙashinsa dambun nama ne da bai cika cokali ba, ya sha sandal da hawi har ya ƙoshi.

Gwaggo ta tauna sau ɗaya ta tsaya. "Wannan nama ne ko ɗakin amarya?"

Sai tari ya sarƙe ta. Wanda ya zauna a zamanin korona ya san abin da tari yake yi wa ɗaki. Nata'ala ya ja baya, ya gyara takunkumin fuskarsa, ya lallaɓo da bindigarsa zai sake auna ta.

"In ka ƙara nuna min abin nan," in ji Gwaggo tana share hawaye, "sai na karya shi a kanka."

Dakta ya duba agogo ya fara haɗa makullin mota. Ko makaho ya san lamarin ya lalace, mai hankali a nan zai buɗe kicin ya ce a yi haƙuri a ci tuwo. Nata'ala kuwa gani ya yi lokacin babban wasa ya yi. Ya roƙi Dakta ya zauna, ya shiga ya fito da tire ɗauke da tsinken tsire uku, ya ajiye a tsakiyar leshin.

"Wannan shi ne abin da ake tashi daga Amurka a je Paris a gani. A gaban baƙo ake cinna wa nama wuta. Su giya suke zubawa, amma ni Musulmi ne, ba za a ga kwalbar giya a gidana ba."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro robar sanitaiza, man nan na goge hannu da aka cika gari da shi, ya matse a kan tsiren.

Dakta ya miƙe. "Nata'ala, tsaya, wannan ai ba a..."

"Relax, Doctor. Na gani da idona."

Ya ƙyasta ashana ya kai. Wutar sanitaiza ba ta da launi sosai, wani shuɗi-shuɗi take yi da ba kowa zai lura ba. Nata'ala ya leƙa ya ce ba ta kama ba, ya ƙara matsawa da ƙarfi. Ta biyo man ta kama bakin robar. Ya yi wurgi da ita, ta faɗa kan leshin, leshin Sallah ya ce ga ni. Gwaggo ta saki salati. Nata'ala ya rarumi jug ɗin zoɓo ya watsa, rabi ya samu wuta, rabi ya samu farar shaddar Dakta tun daga wuya har gwiwa. Hayaƙin leshi ya haɗu da na turare suka tashi sama, ƙararrawar gobara ta ɗauka, ruwa ya ɓalle daga rufi. Kyandir ya mutu, muka koma duhu muna cin karo da kujeru.

Idan ƙararrawar nan ta yi kuka lif tsayawa yake, kowa sai matakala. Benen nan kaf ya zubo. Ga wata tsohuwa 'yar Sin da kyanwarta a kwando, ga wani Bamalaye da riga mai kwala a sama da zani a ƙasa, rungume da kwamfuta ana ta taron ofis a cikinta, ga ɗaliban Larabawa da ba su gama farkawa ba. Ni da Hasanatu muka riƙe Gwaggo hagu da dama. Kowace matakala sai ta kira sunan gwiwarta, kowane hawa sai ta kira na Nata'ala.

A filin ajiye motoci muka tsaya cikin rana, kowa da takunkumi, kowa yana hararar kowa. Motar 'yan kwana-kwana, da a nan ake ce wa bomba, ta shigo da jiniya. Mai gadi ya tambaya daga wane ɗaki ne. Duk idanu suka sauka a kan mutumin da ke tsaye sharkaf cikin kwat, gira ɗaya a ƙone, da takunkumi a wuya.

Nata'ala ya matsa gaba yana murmushi ya ce da babban 'yan kwana-kwanan, "Small fire only, boss. Salon girki ne na ƙasashen waje."

 'Yan kwana-kwanan suka hau, jim kaɗan suka sauko. Ɗayansu ya ɗaga narkakkiyar robar sanitaiza a hannu ɗaya, tsinken tsire a ɗayan, ya juya da su a hankali don kowa ya gani, ya tambayi Nata'ala ko da gaske wannan ya zuba a kan wannan don mutane su ci. Tsohuwar mai kyanwa ta dafe ƙirji. Mai kwamfuta ya juya ta, abokan aikinsa ma su kalla. Wayoyi suka tashi sama. Kafin la'asar bidiyon ya zaga duk wani zauren 'yan Najeriya da ke garin, har daga Kano aka kira ni ana tambaya ko maƙwabcina ne.

Dakta ya tsallaka titi da jar shaddarsa zuwa shagon abincin Indiyawa da ake ce wa mamak, ya yi wa Gwaggo tapau ɗin gurasarsu roti da miya. Ta zauna a mota ƙofa a buɗe, ta naɗe hannun riga, tana ci ba ta ko ɗaga kai. Hasanatu ta je ta durƙusa a kan kwalta.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Wallahi tukunya cike take a sama. In kin yarda gobe in sake dafawa in kawo miki da kaina."

Gwaggo ta haɗiye lomarta, ta dube ta, ba da faɗa ba. "Tashi, 'yar nan. Ƙila kin iya girki. Ni dai ban ci ba balle in shaida. Kuma abincin suna na jama'a ne, ba zan ɗora shi a gidan da ban san wa zai tare ƙofar kicin ba."

Nata'ala ya matso yana matse nektai ya ce, "Gwaggo, saura kayan zaƙi fa, ba a kai wurin ba." Dakta ya rufe mata ƙofa ya tayar da mota.

Matar Dakta ta sauka lafiya, aikin ya tafi Kampung Baru. Barira ba muguwa ba ce. Da aiki ya yi mata yawa ta kira Hasanatu ta taya ta wanke tukwane, Hasanatu kuma ta amsa, don buhun shinkafa ba ya jin kunya. Na bi ta don kada ta je ita kaɗai, Nata'ala ya kai mu a mota. Yini guda tana tsugune a bayan gida tana kankare ƙanzon wata, robobi suna fita ɗauke da sunan Barira da lambar wayarta. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Da yamma muka fito hannunta duk ya yi fari da sabulu. Muka tarar da Nata'ala zaune a bakin mota da roba a cinya, ya ture cokali gefe, ya sa hannu har wuyan hannu a cikin tuwo. Tun ɗazu Hasanatu ta kai robar mota ta ajiye a kujerar baya. Ya sinke nama, ya suɗe miya, yana kankare gefe da ɗan yatsa.

"Abincin ba laifi," ya ce da cikakken baki, "sai dai babu tsari. An dai tula kawai."

Hasanatu ta tsaya tana kallon robar. "Baban Fa'iz, wannan ladan wanke-wankena ne. Fa'iz na ajiye wa."

Ya leƙa cikin robar, ya lashe yatsa, ya mayar da murfin ya rufe.

"Ashe? To in kin koma ki gaya wa Barira gishirin ya ɗan yi yawa."